Masallaci Da Mashaya A Titi Guda

Na san da yawa daga cikinku, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, aiki yakan kai ku ƙasashen Turai, kuma kun san abin da yakan faru idan an tashi daga taro da yamma, mai masauki ya dafa kafaɗar mutum ya ce a zo a ci abinci. Saboda haka ne na ga ya kamata in ba ku labarin wata unguwa ta birnin Faris, a ƙasar Faransa, inda na yi kwana tara cikin watan Oktoba na shekarar 2024, da abin da ya same ni a can wani dare, wanda har yanzu in na tuna sai in yi istigfari.

Ni ɗan kasuwar ƙaro ne, sana'ar da na gada wurin mahaifina. Muna saye a Nguru da Gashuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su, mu tsince, mu ware na dakwara daban, mu ɗura a buhuna. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu na 2023, ƙasar da ita ce ke fid da mafi yawan ƙaron duniya, masu saye na Turai suka shiga waiwayen Cadi da Nijeriya. Faransa kuwa ita ce kan gaba wajen sayen ɗanyen ƙaro, ta sarrafa shi ya zama gari, ta sayar wa sauran ƙasashe. To, akwai wani babban bajekolin kayan abinci mai suna SIAL da ake ci duk bayan shekara biyu a Villepinte, kusa da babban filin jirgin sama. Shi ya kai ni.

Wanda ya sama mini masauki wani dattijo ne mutumin Damagaram, aminin marigayi mahaifina, wanda ya tafi Faransa aikin ƙarfi tun yana saurayi, yanzu ga shi da furfura da 'ya'ya da jikoki a can. Da muka yi waya kafin in taso, ya ce mini, “Alhaji, na kama maka ɗaki inda za ka taka da ƙafa zuwa masallaci. Amma fa ka riƙe idonka, don hanyar masallacin ta tsakiyar mashaya ta ratsa.” Na ɗauka raha yake yi irin ta tsofaffi. Ashe ko rabin abin bai faɗa ba.

Sunan titin Jean-Pierre Timbaud, a gunduma ta 11 ta birnin. An sa masa sunan wani shugaban ƙungiyar maƙeran masana'antu ne, wanda sojan Jamus suka harbe ranar 22 ga Oktoba 1941, lokacin da suka mamaye Faransa. Tsawon titin bai fi kilomita guda da 'yan kai ba. Yana tasowa daga kusa da dandalin République, yana ɗan hawa tudu sannu sannu, har ya faɗa babban titin Belleville, daidai bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Couronnes. Mai tafiya a hankali zai gama shi cikin minti goma sha biyar, amma cikin wannan 'yar tazara zai ratsa duniya biyu.

Daga ƙasa, wajen masaukina, kusan kowace ƙofa ta uku mashaya ce ko gidan cin abinci. Kada mai karatu ya kawo a ransa irin gidajen giyar da ya sani, masu kiɗa da hayaniya da jan fitila. Waɗannan ƙananan ɗakuna ne, tsaf tsaf, da gilashi tun daga ƙasa har sama, da tebura na katako marasa fenti, da kwalabe jere a bango kamar littattafai a kanta. An rubuta abincin ranar da alli a baƙin allo. Da misalin ƙarfe shida na yamma sai ka ga samari da 'yan mata sun fara taruwa, wasu a kan keke, wasu da jariri a ɗan amalanke, kowa riƙe da tambulan mai dogon wuya, suna tsaye har bakin hanya duk da sanyin da ake yi. Faransawa suna kiran irin waɗannan mutane bobo, watau masu ilmi da abin hannu waɗanda ke sha'awar zama a unguwar talakawa. Da na ji sunan na yi dariya, don mu ma da bobo muke kiran saurayi ɗan ƙwalisa.

Da ka ƙetare titin Saint-Maur kuwa, sai ƙamshi ya sake. Ga kantunan littattafan addini, da Alƙur'anai da fassara cikin Faransanci, ga jallabiyoyi da darduma da tasbaha da turaren almiski, ga mahauta sun rubuta halal da Larabci a gilashi, ga masu shirya tafiyar Hajji da Umra. A nan, a wata kusurwa, Masallacin Umar ɗan Haɗɗabi yake. Ba shi da hasumiya, ba a kuma jin kiran salla daga waje. In ba don mutanen da ke shiga da fita ba, baƙo zai wuce shi ya ɗauka ɗakin ajiyar kaya ne. Can gaba kaɗan, a ɗaya hannun, akwai wani tsohon gini mai ƙofar ƙarfe da ake kira Gidan Maƙera, wanda da masana'antar ƙera kakaki da sauran kayan busa ne, daga baya ƙungiyar ƙwadago ta saye shi a 1936, yanzu kuma gidan wasanni ne na hukumar birni. Sai ka fito daga sallar isha'i ka yi kiciɓis da masu fitowa daga kallon wasa, kowa ya kauce wa ɗan'uwansa, ba mai ce wa kowa uffan.

Ranar Juma'a na wuni tare da dattijon nan. Da safe muka ratsa kasuwar Belleville, wadda ke ci Talata da Juma'a a tsakiyar babban titi, inda Larabawan Aljeriya da Tunisiya ke ta kururuwar farashin tumatir da lemo kamar a 'Yankaba, ga mutanen Mali da Senigal, ga mutanen Sin da kantunansu a can sama. Bayan an sauko daga masallaci muka zauna shan shayi da na'ana'a, na ce masa, “Baba, yaya aka yi mashaya suka zo suka kewaye masallaci haka?” Ya girgiza kai ya ce, “Alhaji, ai mu muka tarad da su. Giya ce ta kafa unguwar nan.”

Da na bi diddigi daga baya na tarar gaskiya ya faɗa, kuma labarin zai yi wa ɗan kasuwa daɗin ji, don labarin haraji ne. Daga shekarar 1784, zamanin sarauta, aka kewaye Faris da ganuwa mai tsawon kimanin kilomita 24. Ba don yaƙi aka yi ta ba, don karɓar kuɗin ƙofa ne a kan duk kayan da za su shiga birni, giya kuwa tana cikin abin da aka fi ɗora wa nauyi. Babban titin Belleville na yau, inda muka ci kasuwa, a kan sawun wannan ganuwa yake. Belleville a lokacin ƙauye ne a kan tudu, a bayan ganuwa, da gonakin inabi. Tun da giyar waje ba haraji a kanta, sai talakawan birni suka riƙa fitowa ta ƙofa suna sha da araha, mashaya suka yi ta tsirowa a bakin ƙofar kamar naman kaza. Duk wanda ya san yadda Sabon Gari ya zauna a bayan ganuwar Kano ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Akwai ma wani mai mashaya, Ramponeau, wanda ya yi suna tun kafin a gina ganuwar saboda karya farashi, har yau da titi mai sunansa a unguwar. Mutane sun ƙi jinin ganuwar nan ƙwarai, har cikin watan Yuli na 1789, ana gab da juyin juya hali, suka cinna wa yawancin ƙofofinta wuta. A 1860 aka haɗe Belleville da birni, aka rushe ganuwar. Ko hanyar ruwan nan ta Saint-Martin da ke kusa, wadda aka buɗe a 1825, inda samari ke zama a bakinta da kwalabe da maraice, da harajin giya aka haƙa ta.

Bayan haka unguwar ta zama ta ma'aikata da ƙananan masana'antu, kuma matattarar baƙi. Armeniyawa da Girkawa da Yahudawan Folan suka zo, sa'an nan Yahudawan Tunisiya da Musulmin Arewacin Afirka, sa'an nan mutanenmu na Afirka ta Yamma, sa'an nan mutanen Sin. Abin da ya kawo su duka ɗaya ne: haya da araha, don gidajen tsofaffi ne, wasu ko bayi babu a cikin ɗaki. Da masana'antun suka mutu, a tsakiyar shekarun 1990 samari masu zane da kiɗa suka gano titin Oberkampf, wanda ke maƙwabtaka da namu, suka farfaɗo da tsofaffin gidajen shayi da giya irin su Café Charbon. Masu kuɗi suka biyo sawunsu. Masu dafa abinci da suka gaji da manyan otal suka zo suka buɗe ƙananan wurare, har wasu suka yi suna a duniya: Le Baratin a kan tudun Belleville tun 1987, Le Verre Volé a bakin ruwa a 2000, Septime a titin Charonne a 2011. Mutum yakan yi makonni yana neman tebur a wasunsu. A shekarar 2019 matsakaicin farashin murabba'in mita ɗaya na gida a Faris ya haye yuro 10,000. Dattijon nan, wanda ya yi shekara talatin a wani ɗaki bayan masallaci, yanzu a can bayan gari yake zaune, sai ya hau jirgi biyu kafin ya zo Juma'a. Ya nuna mini tagar ɗakinsa na da. A ƙarƙashinta, inda ya ce da wani mahauci ne ɗan Maroko, yanzu kwalabe ne jere.

Wani abin mamaki shi ne, yawan mashayan nan ba ya nufin Faransawa sun ƙara sha. A farkon shekarun 1960, in an raba giyar inabin da ake sha a ƙasar bisa yawan jama'a, kowane mutum zai tashi da fiye da lita 100 a shekara. Yanzu abin ya sauko wajen 40. Sai a 1956 gwamnati ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakin cin abinci na makaranta, mai karatu ya ji da kyau, makaranta. A 1991 aka kafa dokar da ta hana tallar barasa a talabijin. Duk da haka hukumar lafiyar ƙasar ta ƙiyasta cewa a shekarar 2015 kaɗai barasa ta yi sanadin mutuwar mutum 41,000. Abin da ya sake shi ne, da lebura ke sha don ya manta gajiya, yanzu ɗan boko ke sha don a san ya san duniya. Sun rage yawa, sun ƙara tsada. Tambulan guda a titinmu yuro tara ne ko goma, a lokacin kuwa yuro ɗaya ya haura naira 1,700. Sai mai karatu ya yi lissafi da kansa.

To, yanzu ga abin da ya same ni.

A wurin bajekoli na haɗu da wakilin wani kamfani mai sarrafa ƙaro. Ya duba samfurina, ya fasa ƙwaya ya ɗaga ta ga haske, ya yaba. Muka yi kwana biyu muna ciniki, har muka kusa daidaitawa. Ran na uku ya ce tun da a gunduma ta 11 na sauka, akwai wani wuri kusa da ni da ba shi da na biyu wajen abinci, zai zo da wani abokinsa wanda shi ma yana son ƙaro, mu ƙarasa magana a can da ƙarfe takwas. Hausawa sun ce zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi. Na amsa ban tambayi ko wane irin wuri ba ne, kuskurena na farko ke nan. Na ɗauki ƙaramin ɗan dattijon nan, haifaffen Faris, ma'aikacin banki, ya yi mini tafinta.

Da muka isa ƙofa na ga kwalabe, gabana ya faɗi. Yaron ya dube ni ya ce, “Baffa, mu juya?” Na hango Bature ya riga ya miƙe yana ɗaga mini hannu da fara'a, na tuna buhuna ɗari huɗu da ke jibge a sito a gida, da bashin da ke kansu. Na ce mu shiga. Na san hadisin da Tirmizi ya ruwaito mai hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, tun ina yaro na san shi. Ba jahilci ya zaunar da ni ba, kunya ce da kwaɗayin ciniki, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce wani abu ne daban ba.

Ƙin shan giyar shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin. Na ce ni Musulmi ne, ba na sha, Baturen ya ba da haƙuri, aka kawo mini ruwan inabi wanda bai fara tsami ba, da tulun ruwan sanyi, wanda doka ta tilasta wa kowane gidan abinci a ƙasar ya bayar kyauta. Ba wanda ya matsa mini. Wahalar tana cikin allon nan na abinci, kuma ba don yaron ba da na afka. Ya riƙa bi layi layi yana karanta mini a kunne. Farantin farko da aka ajiye a tsakiyar tebur, jan nama yankakke siriri kamar takarda, naman alade ne busasshe. Waken da na nuna da yatsa, na ce wannan dai ai wake ne, ya ce an soya shi da gutsattsarin kitsen alade, haka nan ma ganyen da ke biye da shi. Naman sa da ake ta yabo, cikin jar giya aka dafa shi tun safe. Kifin da na koma gare shi, da farar giya aka haɗa romonsa. Har kayan zaƙi bai tsira ba: akwai wani kek mai suna baba, wanda ake jiƙawa sharkaf da barasa, akwai kuma wani mai santsi kamar kamu wanda ake daskarar da shi da wani sinadari da galibi daga fatar alade ake samo shi. Yaron ya ce, “Baffa, kalma biyu za ka riƙe ko'ina ka shiga: sans porc, sans alcool, watau ban da alade, ban da barasa. Amma a irin wannan gida sai ka ƙara da tambayar abin da aka yi miya da shi, don su ba sa lissafa giyar girki a cikin giya.”

Haka kuwa aka yi. Mai kawo abinci, wata yarinya mai ladabi, ta ce ai wuta ta cinye barasar da ke cikin miya. Wannan magana kowa yana faɗinta, har wasu Musulmi, amma ba haka take ba. Wani awo da aka yi wa ma'aikatar aikin gona ta Amurka, aka buga shi a 1992, ya nuna abincin da aka dafa minti 15 yakan riƙe kimanin kashi 40 cikin ɗari na barasar da aka zuba masa, ko an kai awa biyu da rabi kuwa wajen kashi 5 yana nan. Balle mu ba a kan yawanta muke magana ba, a kan zuba ta. Abin da ke da sauƙi shi ne khalli, watau binega, ko da daga inabi aka yi shi, domin jumhurun malamai suna kan cewa giya in ta juye ta zama khalli ta tsarkaka. Game da naman sa da na kaza kuwa, aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi, amma malaman zamani sun yi saɓani a kan naman mayankar Turai, inda ake sumar da dabba kafin yanka, ba a kuma ambaton sunan Allah. Ni dai na kauce. Aka gasa mini kifi da man zaitun da gishiri, da dankali, da burodi. Gaskiya kifin ya yi daɗi, ba zan zalunci mai dafa shi ba.

Muna cikin ci sai mai gidan ya zo gaisuwa, wani siriri mai gemu kamar na ustazu, da kwalba a hannu. Ya shiga yi wa baƙina bayanin giyarsa, yaron yana juya mini. Irin wadda suke yayi ke nan yanzu a unguwar, suna ce mata giyar asali: inabin da aka noma ba takin zamani ba maganin ƙwari, aka tsinka da hannu, aka bar shi ya yi tsami da kansa, ba a ƙara masa kome ba sai ɗan abin da ba a rasa ba na farar wuta, wani lokaci ma babu. Yana maganar manomin da gonar da irin ƙasar wurin kamar mai karanta salsalar malamai. Na ce a raina, ko da hannu aka tsinka ko da inji, sunanta giya, kuma tana bugarwa. Da aka gaya masa sana'ata sai ya yi dariya, ya dafa ƙirji ya ce, “Ka yi haƙuri, kayanka ba sa shiga kwalabena. Wannan sai masu giyar masana'anta.”

Na ajiye cokali. Na ce wa yaron ya sake tambayarsa, me ya haɗa ƙaro da giya?

Abokin nan da aka zo da shi, wanda tun da muka zauna bai yi magana mai tsawo ba, shi ya karɓe. Ya ce ai ƙaro yana cikin abubuwan da doka ta yarda a sa wa giyar inabi. Ana zuba ɗan kaɗan gab da za a ɗura ta a kwalba, don ya hana launin jar giya kwantawa a gindi, ya kuma rage mata bauri ta yi laushi a harshe. Ya ce kamfaninsu ba shi da wani aiki sai sayar wa masu yin giya irin waɗannan kayan haɗi, kuma na dakwara mai haske irin nawa suke nema. In na yarda, zai ɗora kashi goma cikin ɗari a kan farashin da abokinsa ya ba ni.

Jama'a, shekara ashirin da shida ina wannan sana'a. Na san ƙaro yana shiga lemon kwalba, da alewa, da magunguna, da fenti. Na san shi tun ina almajiri, muna jiƙa shi mu haɗa tawadar da muke rubuta allo. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa abin da ke riƙe tawada a jikin allo shi ne ke riƙe launi a cikin kwalbar giya. Na ce musu zan yi shawara, na ba da hanzarin gajiya, muka fito.

Yaron bai bi da ni ta hanyar da muka zo ba. Ya zaga da ni ta titin Fontaine-au-Roi, ya tsaya kusa da wata mahaɗa ya nuna mini wani allon dutse mai sunaye. A nan ne, daren 13 ga Nuwamba 2015, 'yan bindiga masu da'awar jihadi suka buɗe wuta a kan mutanen da ke zaune a bakin gidajen abinci, kamar dai waɗanda muka baro yanzu. A wannan dare, tsakanin nan da sauran wurare da gidan kiɗa na Bataclan, wanda shi ma a gundumar yake, aka kashe mutum 130, da Musulmi a cikinsu. Aka kafa dokar ta-ɓaci wadda ba a ɗage ba sai a Nuwamba 2017. Ya ce, “Baffa, ina makaranta a lokacin. Wata guda mahaifiyata ba ta fita da lulluɓi ita kaɗai ba. Waɗancan sun ce don addini suka yi, mu aka bari da kallon da ake yi mana a jirgi.” Ya yi shiru, sa'an nan ya ce mutanen mashayar nan da na gani, da su yake aiki, wasunsu in azumi ya zo ba sa cin abinci a gabansa. Ban sami abin da zan ce masa ba. Na yi wa mamatan Musulmi addu'a, muka wuce.

Daren nan ban runtsa sosai ba. Da asuba na fita masallaci, titi ba kowa sai masu shara cikin korayen tufafi, yawancinsu baƙaƙe irina, da wata mota mai ƙugiya tana juye tankin kwalaben jiya, ƙarar fashewarsu ta cika unguwa. Bayan salla na jira gari ya waye a gida, don Faris tana gabanmu da awa guda a wannan lokaci na shekara, na buga wa malaminmu waya na kwashe kome na gaya masa, har da zaman da na yi.

A kan zaman bai sassauta mini ba. Ya ce in tuba, kuma in daina amsa gayyatar da ban san inda za ta kai ni ba. A kan cinikin kuwa ya raba mini shi biyu. Ya tuna mini hadisin da aka la'anci mutum goma a kan giya, har da mai matsa ta da mai ɗaukarta da mai cin kuɗinta, ya ce a kan haka ne malamanmu na Malikiyya suka hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi da shi, alhali kuwa ba wanda ya hana kai inabi kasuwa. Mutumin da ya gaya maka da bakinsa cewa ba shi da abokin ciniki sai masu giya, ka riga ka sani, ba sauran shubuha. Wancan kuwa mai sarrafa ƙaro ya sayar wa masu lemo da alewa da magani da sauran jama'a, ciniki da shi halal ne, abin da wani ya yi da kayan daga baya yana wuyansa.

Na buga wa Baturen farko waya na ce ina son mu ƙarasa magana, amma yau ni ne mai masauki, da rana kuma. Na kai shi wani ɗan gidan abinci na mutanen Tunisiya a babban titin Belleville, inda ba a sayar da barasa. Na yi zaton zai ɓata rai, sai na ga ya nannaɗe hannun riga. Ashe kuskus, wanda ya yi kama da burabuskonmu, yana cikin abincin da Faransawa suka fi so. Aka kawo shi da naman rago da kabewa da karas, da wani jan tsire na cikin hanji mai yaji da suke kira merguez. Mu a Hausa duk mai wannan siffa tsiran alade muke ce masa, wannan kuwa na rago ne da sa, sai da yaron ya rantse mini kafin in taɓa. Kuɗin mu uku bai kai abin da aka biya wa mutum ɗaya daren jiya ba. Na gaya wa Baturen ba zan sayar wa abokinsa ba, na kuma gaya masa dalili. Ya yi shiru kaɗan, ya ce kashi goma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Na ce na sani, na kwana ina lissafa shi. Na tambaye shi ko zai iya rubuta mini cewa kayana ba za su je wurin masu giya ba. Ya ce ba zai yi mini alkawarin da ba zai iya cikawa ba, don in an narka ƙaro an tace an busar, na Cadi da na Sudan da na Nijeriya duk gari ɗaya ne, amma mafi yawan abin da suke fitarwa masu lemo da alewa ke kwashewa. Na ji daɗin da bai rufe ni ba. Muka sa hannu a kan teburin, tsakanin kofunan shayi.

Da yamma na sake buga wa malam na gaya masa yadda aka ƙare. Ya yi hamdala, ya tambayi lafiyar dattijon Damagaram, ya tambayi ko da gaske ne rana ba ta fitowa a can sai bayan ƙarfe takwas. Har zan kashe waya sai ya ce, “Alhaji, in ka dawo, cikin na dakwaran nan ka ɗebo mini mudu guda. Tawadar yara ta ƙare.”